Wace firinta zan saya wa 'yata mai karatun likita?

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Kano. 'Yata ta fari ta gama shekarar farko a jami'a, Allah ya ba ta sa'a ta tsallake zuwa aji biyu na karatun likita. Tun bara kuɗin firintin da hotokofi ke cin mu. Kusan kullum sai ta ce a ba ta na handawut, wani lokaci ta daɗe a layi a shagon kwamfuta har magariba ta riske ta a hanya. Wannan watan ni ce da kwasar adashi, na yi niyyar in saya mata firinta. Da na je kasuwa mai shago ya nuna mini iri uku: wata ƙarama sabuwa mai araha da ke cin katirij, wato ɗan akwatin tawada da ake canzawa in ya ƙare, wata mai tankin tawada a gefe da ta fi ta kuɗi nesa ba kusa ba, sai wata tokumbo ta lesa mai buga baƙi zalla, ya ce ita ce ba ta mutuwa. Na dawo gida kaina a ɗaure. Mahaifinta ya ce ɓarnar kuɗi ce, su da biro da littafi suka yi karatu. Ƙanena ya ce zamanin takarda ya wuce, in cika kuɗin in saya mata tabilet. Ita kuwa da na tambaye ta sai ta ce, "Umma, duk abin da kika ga ya dace." Tana da laftof ta hannu da aka ba ta. A gida take kwana, kullum take zuwa makaranta. Wutar Nepa sai a hankali a unguwarmu, amma muna da 'yar sola mai ɗaukar fitilu da fanka da cajin waya. Da gumi na tara kuɗin nan, ba na son in yi asara. Wace shawara za a ba ni?

Malama, daga Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya raya miki ita, ya sa ta gama lafiya, ya sa jama'a su amfana da iliminta. Tsallakawa daga shekarar farko zuwa aji biyu na likitanci ba ƙaramin abu ba ne, a nan ake sauya wa yara da yawa fanni, don haka ina taya ku murna kafin komai.

A cikin ukun da aka nuna miki, mai tankin tawada ce ta dace da gidanku. Mai katirij kada ki ɗauke ta ko mai shagon ya yafe miki rabin kuɗinta. Ta lesa na'ura ce mai ƙwari, mai shagon bai yi ƙarya ba, amma ba ta gidan da ke kan 'yar sola ba ce, ba kuma ta ɗalibar da za ta shiga aji biyu ba. Sai dai ina so ki san dalilai da kanki, domin ke za ki yi wa maigida bayani, kuma mai tankin ma tana da sharaɗin da in ba a cika shi ba za ta lalace a lungun ɗaki kafin shekara ta zagayo.

Mu fara da mai arahar. Kamfanonin firinta ba a jikin ƙaramar na'ura suke cin riba ba, a tawada suke ci. Kamar a sayar miki da doki a kuɗin akuya ne, da sharaɗin ba zai ci dawar kowa ba sai ta wanda ya sayar da shi. Ga lissafin da kamfanonin suka bayar da kansu. Katirij ɗin HP mai lamba 305, wanda ƙananan DeskJet irin su 2320 da 2710 ke ci, baƙinsa shafi kusan 120 yake bugawa, mai kalar kusan 100. Kwalbar baƙar tawadar Epson mai lamba 103, wadda L3210 da L3250 ke sha, shafi kusan 4,500 ce, kwalaben kala uku kuma in aka haɗa aikinsu kusan 7,500. Kin ga sai an sayi katirij sama da 35 kafin a kamo aikin kwalba ɗaya. Shafi 120 kuwa, ga ɗalibar likita, ba ya kai ta ko'ina. Akwai kuma wata asarar da mai shago ba zai faɗa miki ba: katirij mai kala, launuka uku ne a gida ɗaya. Ɗaya na ƙarewa an tashi daga aiki, ko da sauran biyun na nan da sauransu. Hotunan da 'yarki za ta riƙa bugawa yawancinsu ja-ja ne da ruwan hoda, wato launi ɗaya za su riƙa zuƙewa. Masu ɗura tawada da sirinji suna farfaɗo da katirij sau kaɗan, daga nan sai ya fara zane takarda ko na'urar ta ƙi karɓar sa.

Kada ki ɗauki waɗannan alƙaluma kamar alkawari. Da shafuka masu rubutu tsaka-tsaki ake yin gwajin, ba da hoton da ya cika takarda ba, don haka a hannun ɗalibar likita kwalbar ba za ta kai adadin da aka rubuta ba. Amma katirij ɗin ma haka zai gaza nasa, tazarar da ke tsakaninsu tana nan yadda take.

Wani zai ce ai karatu rubutu ne, baƙi ya wadatar. A fannin shari'a ko tarihi haka ne. A likitanci, musamman shekaru biyun da ke gabanta, launi wani ɓangare ne na darasin kansa. Aji biyu da aji uku su ne shekarun anatomi (ilimin ƙirar jiki) da fiziyoloji (yadda jiki ke aiki) da bayokemistiri (sinadaran jiki), a ƙarshensu kuma akwai babbar jarrabawar da kowane ɗalibin likita ke kwana da fargabarta, wadda sai an ci ta ake shiga asibiti koyon aiki. A zanen anatomi akwai ƙa'idar da aka saba da ita a ko'ina: jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ja ake yi mata, mai mayar da shi shuɗi, jijiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka rawaya, magudanan ruwan kaluluwa kore. A wuya ko hammata ko matsematsi duk waɗannan a cunkushe suke wuri ɗaya, wannan ta hau kan waccan, wata ta ratsa ta ƙarƙashi. In aka buga zanen da baƙi zalla, ja da shuɗi duk toka-toka suke komawa, yarinya ta zauna tana bin layi da yatsa tana cankar wacce ce wacce. Kuma wannan shi ne ainihin abin da za a tambaye ta.

Sai histoloji, wato duba siririn yankan naman jiki a ƙarƙashin maikiroskop. Naman ba ya nuna komai sai an rina shi, rinin da aka fi amfani da shi kuwa haɗin abu biyu ne, hematoksilin da iyosin. Na farko yana mayar da cibiyar ƙwayar halitta shuɗi mai duhu zuwa shunayya, na biyu ya mayar da abin da ke kewaye da ita ruwan hoda. Da tsarin waɗannan launuka ake gane wannan hanta ce, wannan ƙoda, wancan saifa. A jarrabawar aiki ana jera tebura, kowanne da abin da za a gane a kansa, ana kaɗa ƙararrawa ɗalibi ya matsa gaba ko ya gama ko bai gama ba. Wanda idonsa ya saba da hoton a launinsa shi ke ganewa kafin ƙararrawa. In ta kai aji huɗu, lokacin fatoloji, wato ilimin cututtuka, da ilimin ƙwayoyin cuta, abin ƙaruwa yake yi. Rinin Gram yana raba bakteriya gida biyu, masu fitowa shunayya da masu fitowa ja-ja, maganin da za a zaɓa ma yana bin wannan rabon. Ƙwayar tarin fuka 'yan sanduna ne jajaye a kan shimfiɗa shuɗiya. Ba a koyon waɗannan a takarda mai baƙi da fari.

Ba ina cewa komai sai an buga da kala ba. Mafi yawan shafukanta rubutu ne, baƙi ya ishe su. Hoton eksire da na sikanin kuwa ko kusa kada ta ɓata tawada a kansu, a fuskar kwamfuta ake ganinsu daidai, takarda tana cinye bambancin duhu da hasken da ake nema a cikinsu. Abin da nake nufi shi ne mai tanki tana ba ta zaɓi biyun a gida, ta lesa mai baƙi ta rufe ɗaya.

Ta lesa ba tawada take amfani da ita ba, hoda ce da ake kira tona, ana narka ta a kan takarda da zafin da ke kusantar digiri 200. Daga nan alherinta ya fito, daga nan kuma matsalarku take. Hoda ba ta bushewa, ko an rufe na'urar wata shida tana tashi ta ci gaba da aiki. Rubutunta ba ya jin ruwa, maka mai launi da ake ja wa karatu layi ba ta goge shi. Tana da sauri: HP P1102 tana fitar da shafi 18 a minti, ƙaramar mai tanki kuwa kusan 10 in baƙi ne, 5 in kala ne. Tsofaffin irin su LaserJet 1020, mai cin tona 12A ta shafi 2,000, babu mai gyaran da bai san cikinsu ba, ana kuma sake cika musu hoda a ko'ina. Amma wannan zafin da wuta ake samar da shi. Ƙaramar lesa tana jan wat ɗari uku da wani abu tana cikin aiki, a lokacin da take fara ɗumama kuma fizgar ta fi haka. Inbatar da aka auna don fitilu da fanka tana iya yin kuka ta ɗauke. Mai tanki irin L3250 wat 12 ko kusa da haka take ci tana bugawa, bai kai abin da fankar silin ke ci ba. Ma'ana 'yarki za ta iya buga abin da take so ƙarfe goma na dare, daren jarrabawa, ba tare da jiran Nepa ba. Ta lesa kuwa sai an kawo wuta, kuma kin ce wutar sai a hankali. In za a jira wuta, da me aka fi layin shagon kwamfuta?

Akwai wani haɗari a tokumbo da ya kamata kowa ya sani, ko ba ke ba. Wadda aka kawo daga Amurka an yi ta ne don wuta mai ƙarfin bolt 110 zuwa 120, tamu kuwa 230 ce. Cajar laftof tana karɓar kowanne, firintar lesa ba ta yi. In aka jona ta kai tsaye nan take take ƙonewa. Duk mai sayen irinta ya juya bayanta ya karanta takardar da ke manne, ya ga 220 zuwa 240 da idonsa. Ya kuma sa a buga masa shafin bayanan na'urar, wanda ke nuna adadin shafukan da ta buga tun fitowarta. Da gidanku na da wuta tsayayya, da zan ce ki yi tunanin lesa mai harafin "d" a lambarta, irin su P2055dn, domin a tsarin HP wannan harafin yana nufin tana buga gaba da baya da kanta, kala kuma a riƙa kai ta shago. Amma ba halin da kuke ciki ke nan ba.

Yanzu ga sharaɗin mai tanki, kuma ina roƙon ki ki karanta wa 'yar taki wannan wurin. Tawada ruwa ce, tana fita ta wasu ƙofofi da suka fi gashin kai siranta, a jikin wani ɓangaren na'urar da ake kira kan bugawa. In aka bar ta ba aiki, tawadar da ke bakin ƙofofin sai ta bushe ta toshe su. Yanayinmu kuma ba ya taimako: hunturu da ƙura da bushewar iska, bazara da zafin da ke ƙafar da komai. Maganin mai sauƙi ne, a buga wani abu mai ɗauke da dukkan launuka aƙalla sau ɗaya a mako, ko da rabin shafi ne. Lokacin karatu wannan ba abin damuwa ba ne. Lokacin hutu ne ake mantawa, da lokacin yajin aiki. Ba mu manta ba, yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Firintar tanki da aka rufe tsawon wannan lokaci ba kasafai take tashi lafiya ba, kan Epson kuma in ya mutu canza shi yana cin kaso mai tsoka na kuɗin sabuwa. Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali a kanku shi ne ke malama ce. Kina da tambayoyin gwaji, da jadawalin darasi, da hotunan da za ki nuna wa yara, ga kuma ƙannenta. A gidanku na'urar ba za ta rasa aikin mako ba, in dai an ɗora wa wani alhakin tunawa.

Ga wasu ƙananan abubuwa da ke tsawaita mata rai. A ɗinka mata murfi na yadi mai kauri, a rufe ta duk lokacin da aka gama, takarda ma kada a bar ta tsaye a bayanta tana shan ƙura, don ƙurar cikin na'urar za ta bi. A kashe ta da maɓallinta, a jira ta yi shiru, sannan a zare waya. A wannan ɗan lokacin ne kan yake komawa mazauninsa ya rufu. Saboda haka a layin inbata za a jona ta, domin in Nepa ta ɗauke tana tsakiyar aiki kan yana tsayawa a buɗe. Kada a bar tanki ya sauka ƙasa da layin da aka yi masa, iska na shiga bututu. In rubutu ya fara fita da zane, akwai umarnin wanke kai a cikin manhajarta, a yi sau ɗaya ko biyu a dakata. Yawan wankewa yana shan tawada, yana kuma cika wani soso da ke cikin na'urar mai tsotse tawadar da aka zubar. In ya cika firintar tsayawa take cik sai an kai ta wurin mai gyara. Tawada kuma a sayi ta ainihi mai lambar da aka rubuta a jikin tankin. Jabu ta cika kasuwa, kwalba iri ɗaya, kuɗi ƙasa, ita ce kuma kan gaba wajen toshe kai. A tawadar da kwalba ɗaya ke yin dubban shafuka babu wani rangwamen da ya kai a yi kasada dominsa.

To wacce a cikin masu tankin? Waɗanda za ki fi gani su ne Epson L3210 da L3250, da Canon G2420 da G3420, da HP Smart Tank. Dukkansu suna bugawa, suna sikanin, suna hotokofi, kuma hotokofin nan zai yi mata amfani fiye da yadda kike zato, don tsofaffin tambayoyin jarrabawa da rubutun 'yan ajin gaba hannu da hannu suke yawo. L3250 da G3420 suna da Wi-Fi, 'yan uwansu ba su da shi. Ki ƙara ɗan abin da za a ƙara ki ɗauki mai Wi-Fi, saboda yawancin handawut ta WhatsApp na aji yake zuwa, gara ta tura daga waya kai tsaye. Bambanci na biyu ɗalibi ne kaɗai zai damu da shi. Baƙar tawadar L3210 da L3250 irin mai narkewa a ruwa ce, in aka bi ta kanta da maka mai launi tana iya jan baƙi, in ruwan sama ya taɓa jaka rubutun ya bazu. Baƙar Canon G2420 da G3420 irin mai kama takarda ce, ta fi jure maka da danshi, kuma a waɗannan biyun mai na'ura da kansa zai iya canza akwatin soson nan da na ambata, har da kan bugawar. In kuɗin adashin ya kai, Epson L4260 ta haɗa baƙa mai kama takarda da buga gaba da baya da kanta. In bai kai ba kada ki ci bashi, juya takarda da hannu ba wahala ba ce. Abin da zai yanke hukunci a ƙarshe shi ne wadda ake samun tawadarta ta ainihi da mai gyaranta kusa da ku. Ki tambayi masu gyara, ba masu sayarwa ba, wacce suka fi samun kayanta.

Da zarar an sayi mai tanki, takarda ce za ta zama babban kashe kuɗi, ba tawada ba. A nan ne maganar mahaifinta take da ƙarfi. Yaro in ya ga firinta a ɗaki sai ya riƙa buga duk abin da aka turo, tarin takarda ya yi tsawo, zuciya ta ɗauka an yi karatu. Lakca mai silaid 60 in aka buga ɗaya a kowane shafi takarda 60 ce. In aka jera shida a shafi, gaba da baya, takarda 5 ce. Malamai da yawa suna yin silaid mai shimfiɗa shuɗiya ko baƙa, ta mayar da ita fara kafin ta buga, in ba haka ba tawadar wata guda za ta tafi a lakca biyu. Rim ɗaya takarda 500 ne, katan rim biyar, sayen katan ya fi sauƙi. Ta nemi mai nauyin giram 80, domin a mai 70 tawada tana leƙowa ta baya. Manyan littattafai masu shafi dubu da ɗoriya kuwa ba na firintar gida ba ne. Ban da haƙƙin masu su, kuɗin takarda da ɗinki zai kusa sayen na hannu a wurin 'yan ajin gaba, ga laburare, ga laftof ɗinta.

Ki gaya wa maigida cewa biro da littafin da yake magana ba a daina yayinsu ba a likitanci. Sarƙar jijiyoyin da ke fitowa daga wuya zuwa hannu, da zagayen sinadaran da ake bi a bayokemistiri, babu ɗalibin da ke riƙe su ta kallo. Sai ya zana da hannunsa, ya rufe, ya sake zanawa daga ka, har su zauna. Firinta ba za ta ɗauke mata wannan ba. Abin da za ta ɗauke mata shi ne layi, da kuɗin adaidaita, da dawowa bayan magariba, kuma ina jin wannan na ƙarshen uba zai fi kowa fahimtarsa. Kuɗin naki ne, haƙƙinki ne ki kashe shi a kan 'yarki, amma kada ki shigo da kwali gida a kan idonsa alhali ya ce a'a. Ki sa yarinyar ta rubuta abin da ta kashe a firintin da hotokofi na mako biyu ko uku, da yawan shafukan, ki ninka zuwa zangon karatu, ki ajiye masa a gaba tare da kuɗin na'urar da na rim. Namiji mai ciyar da gida yana jin lissafi. In kuma lissafin ya nuna abin da take bugawa bai taka kara ya karya ba, bai kai rim ɗaya a zango ba, to gaskiya tana wurinsa, ki riƙe kuɗinki.

Ƙanenki ma bai yi kuskure ba, lokaci ne bai yi ba. A tabilet ana faɗaɗa hoton histoloji, ana neman kalma a littafi cikin ƙiftawar ido, ana ɗaukar littafi goma a jaka ɗaya. Amma tana da laftof da ke yin mafi yawan wannan, tabilet mai araha marar alƙalami kuma maimaita laftof ɗin kawai za ta yi. Ranar tabilet ita ce ranar da ta shiga asibiti, in a Bayero take wato Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, lokacin da za ta wuni a tsaye a ɗakunan marasa lafiya, wataƙila ma ta koma kwanan makaranta saboda aikin dare. A lokacin bugawa za ta ragu, abin da za ta riƙe a hannu ya fi amfani. Kawu ya fara tanadi tun yanzu.

Sai ita mai gayya. "Duk abin da kika ga ya dace" ba amsa ba ce, kunya ce da tausayi. Ta san yadda aka tara kuɗin, ba ta son ta zama mai ƙara miki nauyi. Kada ki sake tambayarta me take so, haka za ta sake ce miki. Ki tambaye ta yadda take karatu: in ta zauna da dare, a takarda abu ya fi shiga kanta ko a kwamfuta? Tana rubutu a gefen shafi? Idonta yana ciwo in ta daɗe a gaban laftof? Ki kuma aike ta wurin 'yan aji uku da aji huɗu na makarantarsu ta ji me suka buga da gaske, me suka buga suka yi nadama. In ta ce miki ita a kwamfuta take ganewa, takardun nan don kowa na saye take saye, to kin tsira da kuɗinki. In ta ce sai ta riƙe takarda ta ja layi, to kin san inda za ki.

Ki shirya ta kuma don abu biyu da za su zo. Ƙawaye za su ji tana da firinta. Taimako abu ne mai kyau, amma ta sa ƙa'ida tun ranar farko, mai so ta zo da takardarta, kuma ba a makon jarrabawa ba, in ba haka ba ɗakinta zai koma shago ita ta koma mai jiran shago. Na biyu ya fi nauyi. In ta fara aikin asibiti za a riƙa sa ta rubuta bayanin marasa lafiya. Wannan amana ce. Kai irin wannan rubutu shagon kwamfuta, inda yake zama a na'urar da kowa ke taɓawa, ba daidai ba ne, kuma a nan firintar gida ta fi. Amma ko a gida ta cire suna da lambar kati da unguwa kafin ta buga, abin da ta gama da shi kuma ta yayyaga ko ta ƙona, kada ya faɗa hannun mai ƙosai.

Ranar saye ku tafi tare da ita. Ta ɗauki hoton histoloji ɗaya da zanen anatomi ɗaya da shafin rubutu ɗaya a waya ko filashi, da makar da take ja wa karatu layi. Ki nemi sabuwa a kwalinta da hatiminta, a buɗe a gabanki, ki ƙirga kwalaben tawadar da suka zo da ita ki ga ba a taɓa bakinsu ba, don akwai masu zare na ainihi su sa wasu. A cika tankunan a shagon, a buga shafin gwajin kai ki ga layukan kowane launi sun fito babu yankewa, sannan a buga nata ukun. Ta bar shafin rubutun ya sha iska minti biyu, ta bi ta kansa da makar. Ki karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da tsawon garanti a rubuce, ki tambayi inda ake kai ta in ta samu matsala a cikin wannan lokaci. A hanyar gida kuma, tunda an riga an zuba tawada, a riƙe ta a kwance a kan cinya cikin adaidaita, kada a jingine ta a gefe ko a kifa ta.